Kalmomin Japananci da Ake Ji a Filin Kareti

Muna godiya ga kwamitin shirya littafin shekara da ya ba mu wannan fili domin mu yi bayani a kan wani abu da ya jawo magana tsakanin iyaye da malamai. Tun da wasu ɗalibanmu suka soma koyon wasan kareti da yamma a bayan ɗakin taro, masu wucewa sukan ji ana ɗaga murya ana faɗin wasu kalmomi waɗanda ba Hausa ba ne, ba Turanci ba, ba kuwa Zabarmanci ko Dakarci ba. Can kuma sai a ga yara sun durƙusa, sun rufe ido, sun sunkuyar da kai. Wasu iyaye sun yi tambaya, kuma suna da hakkin yin ta: anya waɗannan kalmomi ba surkulle ba ne? Wa ’ya’yanmu suke sunkuya wa? Akwai ma mahaifin da ya ce ɗansa ya dakata da zuwa sai an fassara masa abin da ake faɗi. To, ga fassarar.

Da farko, harshen da ake ji ɗin nan Japananci ne. Yawancinmu a majigi muka fara ganin irin wannan faɗa, shi ya sa duk wanda ya ɗaga ƙafa sai mu ce ɗan Caina ne. Amma Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973, ba kareti ya koya ba; wani salon faɗa na mutanen Sin ya koya a Hong Kong. Haka kuma tekwando, wanda Chika Chukwumerije ya samo wa Nijeriya lambar tagulla da shi a Beijing a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma ya samo wa maƙwabciyarmu Nijar ta azurfa a 2016, na mutanen Koriya ne, da Koriyanci ake ba da umurni a cikinsa. Shi kareti a tsibirin Okinawa ya tashi. Wannan tsibiri a dā masarauta ce mai zaman kanta wadda take ciniki ƙwarai da ƙasar Sin, kafin Japan ta haɗe ta a 1879. Wanda ya fi shahara wajen kai wasan cikin babbar ƙasar Japan shi ne Gichin Funakoshi, wanda aka haifa a 1868, ya rasu a 1957. Malamin makaranta ne kamarmu. A 1922 ya je Tokyo ya nuna wasan, daga nan bai koma zama Okinawa ba.

Sunan wasan kansa kalma biyu ce: kara da te. Te hannu ke nan. A dā ana rubuta kara da wata alama mai nufin ƙasar Sin, wato “hannun Sin”, saboda daga can aka samo wasu dabarun. Daga baya aka sauya alamar da wata wadda ake furtawa daidai da ta farko amma tana nufin wofi, ko babu kome, kuma manyan malaman Okinawa suka yi taro a 1936 suka amince da sauyin. Saboda haka karate, wanda mu muke kira kareti, ma’anarsa hannu wofi, hannun da ba sanda ba wuƙa.

Mai tambaya zai ce, to me ya hana a fassara kome da kome zuwa Hausa a huta? Amsa ita ce kowace sana’a tana tafe da harshenta. Wanda ya je Matan Fada ranar su bai san mene ne homa ba, bai san aikin gora ko matsayin Sarkin Ruwa ba, kallo kawai zai yi. A filin ƙwallo muna cewa kona, fenariti, gola, ba wanda ya taɓa cewa tsafin Turawa ne. Ƙungiyar mawaƙa tana koyon murya da do, re, mi. A cikin sujada ma muna cewa Amin da Halleluya da Hosanna, dukansu kuwa daga Ibrananci suka zo mana. Amfanin riƙe kalmomin asali shi ne, yaron da ya koya a Argungu in ya shiga aji a Sakkwato, ko Yamai, ko Alƙahira, zai gane umurnin malami tun ranar farko ko da ba su jin harshen juna.

Abin farin ciki shi ne bakin Bahaushe ya fi na Bature dacewa da Japananci. Wasulansu biyar ne kamar namu, a, i, u, e, o, kuma suna da dogo da gajere. Suna ninka baƙi kamar yadda muke yi a cikin “sukka” ko “hannu”. Abin da yakan ba mu wahala shi ne p, har yara su riƙa cewa “iffon” maimakon ippon. Sai kuma ts, wanda su ba su matse shi a maƙogwaro kamar namu na “tsamiya”. Sassauta shi ake yi. A nan mun rubuta kalmomin yadda mai karatun Hausa zai furta su, don haka inda muka sa c, a littattafai za a tarar da ch.

Ƙidaya ita ce abin da aka fi ji daga nesa, ita ce kuma ta fi tsoratar da masu wucewa, alhali kuwa ɗaya zuwa goma ce kurum: ici, ni, san, shi, go, roku, shici, haci, kyu, ju. Malami yakan gutsure ƙarshen kalma domin ta fito da ƙarfi, sai ka ji ic, rok, hac. Ɗalibanmu sun daɗe da lura cewa biyu ita ce “ni”, huɗu kuma “shi”, tara ma wani lokaci akan ce “ku”, sai ka ce Bahaushe ne ya raɗa musu. Dacewa ce kawai. Wani abu game da huɗu: lafazin shi ya yi daidai da kalmarsu ta mutuwa, saboda haka mutanen Japan da yawa sukan gwammace su ce yon. Ashe camfi ba a ƙasarmu kaɗai yake ba.

Yanzu sai mu zo ga inda ainihin amfanin wannan bayani yake. Sabon ɗalibi in ya ji an ce cudan gyaku zuki ko jodan mawashi geri, sai ya ɗauka sunaye ne ɗaruruwa da zai haddace ɗaya bayan ɗaya kamar sunayen manyan biranen duniya. Ba haka ba ne. Ginawa ake yi da ’yan tubala kaɗan, wanda ya riƙe tubalan kuwa zai iya warware sunan da bai taɓa ji ba.

Tubalan farko su ne na aikin da za a yi. Tsuki naushi ne, ko mu ce suka, domin asalin kalmar tana nufin a soka abu a miƙe. Keri shuri ne. Uci duka ne wanda ake kawowa ta gefe ko ta sama, kamar sara. Taci tsayuwa ce. Uke kuwa ita ce karewa, amma asalinta daga aikatau ne mai nufin karɓa, kuma wannan ya faɗi wani abu a kan yadda ake so a kare: ba a yi karo da hannun abokin gwaji ƙashi da ƙashi ba, a karɓe shi a kautar da shi gefe. Sai dai in an ɗora wata kalma a gabansu, baƙin farko yakan yi laushi. Tsuki ya koma zuki, keri ya koma geri, taci ya koma daci. Wannan bai kamata ya ba mutumin Kabi mamaki ba, mu da muke rubuta “motar sarki” amma mu furta “motas sarki”, mu rubuta “gidan Bala” mu ce “gidam Bala”. Baki ne yake neman sauƙi.

Tubala na biyu su ne na inda za a kai. An raba jiki uku: jodan shi ne sama, wato kai da wuya, cudan tsakiya, ƙirji da ciki, gedan ƙasa, daga ɗamara zuwa ƙasa. Na uku kuma na fuska ne ko hanya: mae gaba, yoko gefe, ushiro baya, mawashi mai kewayowa, age mai tashi sama, migi dama, hidari hagu. Soto waje ne, akwai kuma wata kalmar uci dabam da ta duka, mai nufin ciki.

To, mu gwada haɗawa. Mae geri, shurin gaba. Yoko geri, shurin gefe. Ushiro geri, shurin baya, irin na jaki. Age uke, karewa mai tashi sama domin tsare fuska. Jodan mawashi geri da ya ba mu tsoro ɗazu, ashe shuri ne mai kewayowa wanda aka nufi kai da shi. Gyaku kuwa akasi ne, saboda haka gyaku zuki naushi ne da hannun da ke akasin ƙafar da ke gaba: ƙafar hagu a gaba, hannun dama ya fita. In hannu da ƙafa na gefe ɗaya suka tafi tare ana takawa gaba, shi ne oi zuki, naushin bi. Gedan barai kuma, wanda shi ne yawanci abin da ake fara koya wa yaro, daga harai yake, wato shara. Ana share abin da ya nufo ƙasan jiki kamar mai share tsakar gida. Shuto, wanda yara suke kwaikwayo suna saran iska, ma’anarsa hannu-takobi, wato gefen tafin hannu.

Sunayen tsayuwa su suka fi daɗin ji. Kiba daci tsayuwar mahayin doki ce, a buɗe ƙafa a lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe. Duk wanda ya ga mahaya a hawan sallah ya san siffar. Neko ashi daci tsayuwar ƙafar kyanwa ce, nauyi duka a baya, ƙafar gaba tana taɓa ƙasa kaɗan kamar mage za ta kama ɓera. Zenkutsu daci nauyi ya karkata gaba, kokutsu daci ya karkata baya. Mun ƙirga, tubalan nan ba su kai talatin ba. Ɗalibin da ya iya haddace sunayen littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki a jere ba shi da hujjar cewa waɗannan sun fi ƙarfinsa.

Darasin kansa kashi uku ne. Kihon shi ne tushe, a yi ta maimaita naushi ɗaya ko shuri ɗaya har jiki ya saba. Kata siffa ce ko tsari, kamar abin buga bulo wanda kowane bulo yake fitowa daidai da ɗan’uwansa. Jerin motsi ne da aka gada, mutum ya yi shi kaɗai kamar yana fuskantar abokan gāba ta kowane gefe. Guda biyar na farko da ake koya wa masu bin salon Funakoshi ana kiransu Heian, kuma malaminsa Anko Itosu ne ya tsara su domin ’yan makaranta a farkon shekarun 1900. Kumite kuwa haɗa hannu ne, wato gwaji tsakanin mutum biyu. Malami in ya ce yoi, a shirya. Hajime, a fara. Yame, a tsaya. A ganinmu yame ta fi kowace kalma muhimmanci a cikin wannan wasa, kuma yaron da ba ya jinta bai kamata a bar shi ya yi kumite ba ko da ya fi kowa iya shuri.

Ihun nan da ake yi sunansa kiai. Ba kiran iska ba ne, ba kuma wata kalma ake faɗi ba. Fitar da numfashi ne da ƙarfi daidai lokacin da bugu ya sauka, domin ciki ya ɗaure, mai yi ya tattara hankalinsa, abokin gwaji kuma ya ɗan razana. Mai sussuka da mai faskare duk suna yin irinsa ba tare da an koya musu ba. Akwai kuma osu, wadda ake furtawa “os”, da yara suke amsa kome da ita. Wannan gaisuwar samari ce, ba maganar ladabi ba ce a wurin mutanen Japan, kuma makarantu da dama a Okinawa ba su amfani da ita. Hai, wato “to” ko “na’am”, ta wadatar.

Malami shi ne sensei. In an warware kalmar, tana nufin wanda aka riga haifa, ko wanda ya riga ka a hanya. Haka suke kiran malamin aji da likita ma. Senpai shi ne na gaba da kai a aji, kohai na baya da kai. Rigar wasa gi ce, ɗamara kuma obi. Tsarin ɗamara ba na kareti ba ne tun asali, daga judo aka aro shi, wasan da Jigoro Kano ya kafa a 1882. Kada Kanawa su yi murna, sunansa ba shi da wata dangantaka da birnin Dabo. Matakan masu koyo ana kiransu kyu, kuma ƙidayarsu baya-baya take tafiya, mai kyu na ɗaya shi ne ya kusa baƙar ɗamara. Daga nan sai dan, ba “ɗan” ba, wanda yake hawa sama. Launin ɗamarun da ke tsakanin fara da baƙa ya bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, don haka kada a yi gardama a kansa. Abin lura shi ne baƙar ɗamara ta farko sunanta shodan, ma’anarta matakin fari. Wanda ya same ta yana yawo yana buɗa kafaɗa a kasuwa bai san sunan abin da ya ɗaura ba.

Sauran maganar sunkuyawa, wadda ita ce ta fi damun iyaye, kuma ba za mu shafa mata mai ba. Kalmar ita ce rei. Ma’anarta ladabi ko gaisuwa, kuma sunkuyawa ita ce gaisuwar yau da kullum a Japan. Mai kanti yana yi wa mai saye, ɗalibi yana yi wa malami. Zaman da ake yi a kan gwiwa seiza ne, wato zama daidai. Akan ce sensei ni rei, a gai da malami, sa’an nan otagai ni rei, a gai da juna. Wannan ba ya da bambanci da yadda ’ya’yanmu suke durƙusawa su gai da kakanninsu, ko yadda ake faɗuwa gaisuwa a fada. Littafin Farawa sura 23 ya nuna mana Ibrahim da kansa ya sunkuya wa Hittiyawa sa’ad da yake neman wurin binne Saratu, ba a kuwa lasafta masa shi bautar gumaka ba.

Amma akwai inda za a yi hattara. Kalmar dojo, wato ɗakin koyo, tana nufin wurin hanya, kuma asalinta daga addinin Buda ta fito kafin a mai da ita sunan ɗakin wasa. A wasu dojo na Japan akan kafa wani ɗan kanta a bango na addinin Shinto, sunansa kamidana, a ce shinzen ni rei, wato a sunkuya a gaban abin bauta. Wannan kam mai bi ba zai yi ba, kamar yadda Shadrak da Meshak da Abednego suka ƙi a cikin littafin Daniyel sura 3, kuma mun tabbata maƙwabtanmu Musulmi ma ba za su yarda da shi ba. Tsakanin biyun akwai shomen ni rei, a sunkuya wa gaban ɗaki. A nan sai a duba abin da ke gaban ɗakin. In tutar ƙasa ce ko bango kawai, girmama wurin koyo ne. In hoto ne da aka kunna wa turare, sai a yi tambaya kafin a lanƙwasa wuya. Haka nan mokuso, shirun da ake yi ido a rufe a farkon darasi da ƙarshensa. Yana da nasaba da irin zaman tunani na mabiya Buda, amma kalmar kanta tunani cikin shiru take nufi, ba a kuma ba kowa abin da zai karanta. Mun shawarci ɗalibanmu su yi addu’a a zuci a wannan lokaci. Wanda kuma lamirinsa bai ba shi ya durƙusa ba, ya tsaya ya gaisa a tsaye, kada kowa ya yi masa dariya.

Ga waɗanda za su shiga gasa, alƙali ma da Japananci yake magana. Ɗan wasa ɗaya aka ne, wato ja, ɗayan kuma ao, shuɗi. Naushi mai kyau yuko ne, maki 1. Shuri a tsakiyar jiki waza-ari, maki 2. Shuri a kai ippon, maki 3. A nan ne kareti na gasa ya rabu da damben da muke kallo lokacin bikin kamun kifi. A dambe ana neman kisa ne, a kai abokin karawa ƙasa kafin turmi uku su cika, makaɗa su wasa wanda ya yi. A kareti kuwa ana so bugu ya isa da sauri da ƙarfi, amma mai shi ya riƙe shi kada ya yi lahani. Wanda ya kasa riƙewa yana iya samun hansoku, wato a fitar da shi.

Duniya ta ga misalin wannan a wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, karo na farko da aka sa kareti a ciki. A wasan ƙarshe na maza masu nauyi, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki, sai ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shuri a sama har ya suma, aka ɗauke shi a makara ta marasa lafiya. Alƙalai suka ce hansoku. Wanda ya suma aka ba zinariya, wanda ya sumar ya koma gida da azurfa. Da a dandalin dambe ne, da Hamedi za a ɗaga sama. A wannan gasa ce kuma Feryal Abdelaziz ta Masar ta ci zinariya, ’yar Afirka, abin da muke so ’yan matanmu da ke leƙen darasi ta taga su sani. Ba a sa kareti a Olamfik na Faris na 2024 ba.

Mun roƙi mai koyarwa ya rubuta tubalan nan a babbar takarda, Japananci a hagu, Hausa a dama, a manna a ƙofar ɗakin taro, ya kuma riƙa faɗin fassarar kowane sabon umurni sau ɗaya kafin a yi shi. Iyaye da dattawan ikkilisiya da suke so su gani da idonsu suna iya zuwa kowace ranar darasi bayan an tashi daga aji, za a ajiye musu benci a inuwa.